Maigida ya dawo daga Sin da kofunan ƙaho, ya ajiye maganin hawan jini

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana huɗu. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana zuwa Guangzhou saro kayan waya. Shekararsa 52, yana da hawan jini da ciwon suga, kuma cikin magungunan da likita ya ɗora shi a kai akwai ƙaramin asfirin. Ciwon baya ya fi shekara yana damunsa. A tafiyarsa ta ƙarshe wani abokinsa ya kai shi inda Sinawa ke yin ƙaho da kofunan gilashi da wuta. Ya ce rabon da ya ji bayansa ya saki haka har ya manta. Ya dawo da tabo baƙi ƙirin zagaye-zagaye a gadon bayansa, wai an gaya masa baƙin yana nuna jininsa ya daskare, kuma sanyi ya yi masa yawa. Ya sayo akwatin kofunan roba masu famfo, yanzu duk bayan kwana uku ni nake kafa masa. Bai tsaya nan ba, ya ce in riƙa tsaga wurin da reza don mataccen jini ya fita. Ya kusa wata guda bai sha maganin asibiti ba, wai ƙahon ya wadatar. Abokansa na majalisa suna aron kofunan. Yana kuma son a yi wa Hajiyarsa a gwiwa, a yi wa ɗanmu mai shekara 8 saboda tari. Da na yi magana sai ya ce ƙaho sunna ne, Sinawa kuma sun yi dubban shekaru suna yi, ga shi sun fi mu tsawon rai. Anti, ina tsoron in zama mai ja da sunna, ina kuma tsoron in cutar da shi da hannuna. Don Allah ki ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri a kan kulawar da kike yi wa mijinki, ya kuma ba Alhaji lafiya. Tsoron da kike ji yana kan hanya, kuma bai sa kin zama mai ja da sunna ba. Zan yi miki bayanin ƙahon Sinawa, amma cikin duk abin da kika rubuta, abin da ya fi tayar min da hankali ba kofunan ba ne, wata gudan nan ne da ya yi babu magani. Da shi zan fara.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya jin garau, yana cin kasuwarsa, alhali jinin yana can sama yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Idan suga ya haɗu da shi, ɓarnar ta fi sauri. Saboda haka cewar Alhaji yana jin daɗin jikinsa ba ta gaya mana komai game da jininsa ba. Abin da ya samu sauƙi bayansa ne. Yau ɗin nan, kafin gobe, a auna jininsa, ko da na'urar gida ko a kemis mai ma'aikacin lafiya, a kuma auna suga. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, jinin ya hau. Idan ya kai 180 bisa 120, ko da bai ji komai ba, yau zai ga likita, balle a ce akwai ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko gani ya dushe. Kuma ki riƙe wannan a ranki: duk ranar da kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun saki, ko maganarsa ta harɗe, a sa shi a mota zuwa babban asibiti a take. Kar a tsaya kafa kofi. Kar a tsaya tsire masa yatsu da allura kamar yadda wani saƙo da ke yawo a WhatsApp yake cewa wai dabarar Sinawa ce. Wannan ba ya warkar da shanyewar ɓarin jiki, lokaci kawai yake cinyewa, alhali sa'o'in farko su ne likita yake da damar ceto ƙwaƙwalwa a cikinsu.

To, mu yi wa Alhaji adalci. Bai yi ƙarya ba da ya ce ya ji sauƙi, bai kuma yi ƙarya ba da ya ce abin ya daɗe a ƙasar Sin. A shekarar 1973 masu tonon kayan tarihi suka buɗe wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Cikin abin da suka tarar akwai rubuce-rubucen magani a kan siliki, kuma a ciki an ambaci amfani da ƙaramin ƙaho wajen jinyar basir. Da ƙahon dabba suka fara, kamar wanzamanmu. A zamanin daular Tang, makarantar likitanci ta fadar sarki ta ware wa aikin ƙaho sashe na kansa, aka kuma shiga amfani da gutsuren gora da ake tafasawa a kafa da zafinsa. A ƙarni na 18 wani masanin magunguna mai suna Zhao Xuemin ya yi bayanin 'yan tukwanen ƙasa da ake jefa wa takarda mai ci da wuta a kifa a jiki saboda ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Kofin gilashi da na roba daga baya suka zo. Yau Sinawa suna kiran aikin baguan, kuma za ki same shi a manyan asibitocin gwamnati, za ki same shi a shagon tausa na lungu.

Abin da aka yi wa Alhaji shi ne busasshen ƙaho na wuta. Ana tsoma auduga a sifirit, a kunna, a zura cikin kofin na ɗan daƙiƙa, a zare, a kifa kofin a fata. Iskar ciki in ta huce sai ta tsuke, ta zuƙo fata da nama. Galibi ana barinsa minti 5 zuwa 15. Akwai wanda ake shafa mai a riƙa jan kofin sama da ƙasa a gefen ƙashin baya, akwai wanda ake kafawa ana cirewa da sauri. Mai fitar da jini ma suna da shi, amma da allura ta musamman ake tsira fatar. A fahimtar likitancinsu na gargajiya, akwai wani ƙarfi da suke kira ci, wanda yake gudana a jiki tare da jini ta wasu hanyoyi. In iska ko sanyi ko danshi suka shiga suka tare hanya, sai ciwo ya taso, ƙaho kuma ya janye su. Kin ga dalilin da ya sa maganar ta shiga kunnen Alhaji nan da nan. Mu ma da ciwon sanyi da mataccen jini muka taso muna ji, sai ya tarar da baƙo a wata duniya yana faɗa masa abin da kakarsa take faɗa.

Amma daɗewar abu daban, abin da yake iya yi daban. An yi bincike da yawa a kan ƙaho. A 2012 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 135, akasari na ƙasar Sin, suka duba. Da yawa sun nuna alamar amfani, sai dai masanan da kansu sun ce yawancin gwaje-gwajen ba a tsara su yadda za a dogara da su sosai ba. Matsalar a bayyane take: wanda aka kafa wa kofi ya san an kafa masa, kuma sa rai da sauƙi shi kansa yana rage jin ciwo. A 2021 wasu masu bincike a Birazil suka nemi hanyar kauce wa wannan. Suka ɗauki mutum 90 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, suka raba su biyu. Wasu aka yi musu ƙaho na gaske, wasu aka kafa musu kofin da ba ya riƙe zuƙa, sau ɗaya a mako har mako 8. Da aka gama, babu wani bambancin kirki tsakanin ɓangarorin biyu. Ni abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, ƙaho yana iya sassauta ciwon tsoka da gajiyar baya da wuya na ɗan lokaci, kamar yadda tausa da gashi da ruwan ɗumi suke yi, kuma wannan ba abin rainawa ba ne ga mutumin da ya shekara yana juyi a kan katifa. Amma babu wata hujja da ta nuna yana warkar da hawan jini ko ciwon suga. Ko shahararren ɗan ninƙayan nan na Amurka, Michael Phelps, wanda tabon da aka gani a kafaɗarsa a gasar Olamfik ta 2016 ya sa duniya ta waiwayi ƙaho, saboda gajiyar tsoka yake yi.

Batun baƙin tabo kuwa, ina so ki fahimce shi da kyau, domin shi ne ya sa Alhaji yake ganin jikinsa cike yake da datti. A ƙarƙashin fata akwai hanyoyin jini sirara, sun fi gashi siranta. In kofi ya zuƙo fata da ƙarfi sai su fashe, jini ya malala a ƙarƙashin fatar ya kwanta. Wannan shi ne tabon. Duhunsa ya danganta da ƙarfin zuƙa, da daɗewar kofin, da wurin da aka kafa, da irin fatar mutum. Mai shan asfirin kuwa tabonsa ya fi duhu ya fi daɗewa, saboda maganin yana rage saurin daskarewar jini. Lafiyayyen saurayi ma in aka matsa masa famfo aka bar kofin ya daɗe, baƙi zai fito. Haka nan gudan jinin da ake nuna wa mutum a cikin kofi ko ƙaho a ce ga mataccen jini ya fita. Duk jinin da ya bar jiki ya zauna daskarewa yake yi, ya yi duhu, kin sha gani ranar layya. Aikin tace dattin jini na hanta ne da ƙoda, ƙodar ce kuma hawan jini da suga suke lalatawa in an bar su babu magani. Yawanci tabon yana gushewa cikin kwanaki zuwa mako biyu, amma a baƙar fata irin tamu, in ana maimaitawa a wuri ɗaya, duhun kan zauna watanni.

Yanzu ga maganar da nake ganin za ta fi yi wa Alhaji tasiri, tunda Sinawa ya kafa hujja da su. Sinawan ba su ajiye ƙwayar hawan jini saboda ƙaho ba. Tun shekarun 1950 manufar gwamnatinsu ita ce a haɗa likitancin gargajiya da na zamani. Wanda zai zama likitan gargajiya a can shekara 5 yake yi a jami'a, yana karanta sassan jikin ɗan Adam da ilimin magungunan zamani tare da na kakanninsa, sannan ya ci jarrabawar ƙasa kafin a ba shi lasisi. A Guangzhou ɗin da Alhaji yake zuwa akwai babban asibitin likitancin gargajiya na lardin Guangdong, wanda aka kafa tun 1933. A irin waɗannan asibitoci ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana tiyata, ana rubuta wa mai hawan jini irin ƙwayar da likitan Kano ya rubuta wa Alhaji. Ƙaho yana sashensa, ana yi wa masu ciwon kafaɗa da baya. Tsawon ran da yake magana a kai kuma, kafin 1949 matsakaicin shekarun da Basine yake rayuwa bai wuce wajen 35 ba, alhali ƙaho yana nan ana yinsa. Yau ya wuce 78. Abin da ya canza shi ne abinci, da ruwa mai tsabta, da rigakafi, da asibitoci. Kuma har yanzu shanyewar ɓarin jiki tana sahun gaba cikin abin da yake kashe mutane a ƙasar Sin, shi ya sa hukumominsu suke ta fama da mutane su auna jini, su rage gishiri, su sha magani.

Akwai wani labari nasu da nake ƙauna. Ge Hong wani masani ne da ya rayu a ƙarni na 4, ya rubuta littafin magungunan gaggawa. A ciki ya ce a jiƙa wani ganye dangin tazargade a ruwa, a matse, a sha saboda zazzaɓi mai zuwa yana dawowa. Bayan fiye da shekara 1,600, wata masaniya, Tu Youyou, tana cikin masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro, ta lura cewa bai ce a tafasa ganyen ba. Sai ta sauya hanyar tatsar sinadarin zuwa mai ƙarancin zafi, kuma a 1971 gwajin ya yi nasara. Daga nan aka samu atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin maganin maleriya da kike ba 'ya'yanki yau. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ita da abokan aikinta sun tattara magungunan gargajiya sama da 2,000, suka gwada ɗaruruwa, mafi yawa ba su yi aiki ba, suka ajiye su. Ba su ga hakan a matsayin raina kakanni ba.

Sai batun sunna, wanda na san shi ne ya fi ɗaure miki baki. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah (SAW) an yi masa ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa ladan aikinsa. Babu musulmin da zai musa wannan, ke ma ba ki musa ba. Amma ki lura, gwanin aikin aka kira ya yi. Kuma babu inda aka ce wanda ya yi ƙaho ya bar sauran magani, hasali ma umarni aka yi mana da neman magani, aka kuma hana cutar da kai da cutar da wani. Hukuncin dalla-dalla na malamai ne, ki nemi wanda Alhaji yake jin maganarsa ya yi masa bayani. Abin da zan ƙara miki daga ɓangaren lafiya shi ne, a Jidda an yi wani gwaji da aka wallafa a 2015, inda aka yi wa masu hawan jini hijama, wato ƙaho mai fitar da jini. Jininsu ya ɗan sauka na kimanin mako 4, amma zuwa mako na 8 babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a yi wa ba. Abu mafi muhimmanci, dukkansu suna kan magungunansu na asibiti aka yi gwajin, ba a ce kowa ya daina ba. A Saudiyya ɗin ma hijama sai a wurin da hukuma ta ba lasisi, da kayan da ake amfani da su sau ɗaya a jefar.

Saboda haka maganar reza, a'a. Kar ki tsaga shi, ko sau ɗaya. Mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama a cikinsa, ƙaramar tsaga a baya tana iya zama gyambon da zai kwantar da shi a asibiti. Ba ki san zurfin da ya kamata ba, ba ki da kayan kashe ƙwayoyin cuta irin na asibiti. In ya koma kan asfirin, jinin zai yi wuyar tsayawa. Fitar da jini duk bayan kwana uku kuma yana jawo ƙarancin jini, an sha kwantar da mutane saboda haka. A ƙasar Sin ɗin ma ƙa'ida ta hana shagunan tausa da gyaran jiki yin duk abin da ya shafi huda fata, wannan aikin wuraren jinya ne masu lasisi. Kina da haƙƙin ki ce ba za ki iya ba, kuma ƙin ki zubar da jinin mijinki a kan abin da ba ki da iliminsa ba rashin biyayya ba ne.

Aron kofuna ga 'yan majalisa shi ma a daina. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ƙwayar cutar tana iya yin mako guda a busasshen jini tana da rai. Ba ki san wanda ya tsaga jikinsa a cikin masu aron ba, kuma famfon da bututunsa suna da lungunan da wanki ba ya kaiwa. Kofunan da suka riga suka zaga gari, ni dai shawarata a zubar da su, ba su da tsada. Ku je ku duka gidan a gwada ku, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi, allura uku ce.

Yaron kuwa a bar shi. Fatar ɗan shekara 8 ba ta buƙatar wannan, kuma tarin da ya wuce mako biyu gwaji yake so, a duba ko asma ce ko tarin fuka ko wani abu. Hajiya ma kar a taɓa ta sai likita ya ga gwiwar. Fatar tsofaffi tana saurin yagewa da yin bororo, kuma in ƙafa ta kumbura ko akwai jijiyoyin da suka taso suka murɗe, kafa kofi a wurin haɗari ne.

Ban ce a raba Alhaji da ƙahonsa gaba ɗaya ba. In likitansa ya duba shi ya amince, busasshen ƙaho da sababbin kofuna nasa shi kaɗai abu ne da za a iya bari, har ma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Masu ciwon baya da yawa suna rayuwa ne a kan diklofenak da ibufurofen da suke saye a kemis, waɗannan kuwa suna ƙara hawan jini, suna cutar da ƙoda da ciki. In kofi ya sa ya rage su, an ci riba. Sai dai da sharaɗi. A kafa a kan tsoka mai kauri a gefen ƙashin baya, ban da kan ƙashin kansa, ban da gaban wuya da kai, ban da inda akwai ƙurji ko rauni, kuma saboda sugansa ban da ƙwauri da ƙafa. A ja famfo kaɗan, yadda zai ji kamu ba zafi ba. Minti 5 ya isa a farko, kar a wuce 10. Kar a sake kafawa a wuri sai tabon baya ya gushe, wato duk bayan kwana uku ya yi yawa. In bororo ya fito kar a fasa, a rufe da bandeji mai tsabta, in ya yi ja ko ya fara ruwa a kai shi asibiti. A wanke kofunan da sabulu, a jiƙa su a ruwan bilic, a ɗauraye, a shanya. Na wuta kuwa kar ku gwada shi a gida ko da wasa. Ƙuna ita ce raunin da aka fi samu a irinsa, sifirit in ya ɗiga a fata yana ci da wuta ba ya jira.

Shi kansa bayan, shekara guda ana fama da shi, ya cancanci a bincike shi. Yawancin ciwon baya na tsoka ne da gaɓoɓi, kuma rayuwar Alhaji ta isa ta kawo shi: zaman jirgi na sa'o'i masu yawa, zagayen kasuwanni, ɗaga kwali, wuni a kan kujerar shago. Irin wannan abin da ya fi yi masa amfani shi ne tafiya a ƙasa kullum, da motsa jikin da ake koyarwa a sashen fisiyo na asibiti, da rage tumbi in akwai. Kwanciya ba ta gyara shi. Amma akwai alamun da in kin gan su, maganar ta wuce ta kofi: ciwon da ke tashinsa cikin dare ko yana kwance bai motsa ba, rama babu dalili, zazzaɓi ko gumin dare, ƙafa ta yi nauyi ko ta mutu, rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya riƙa kufce masa ko fitsarin ya ƙi fita. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a shekarunsa ana duba lafiyar mafitsara da abin da ke kewaye da ita. Mai suga da hawan jini kuma a gwada ƙodarsa da idonsa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Saura yadda za ki tunkare shi, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Kar ki ɓoye kofunan, kar ki daka masa magani a abinci a ɓoye, ranar da ya gane yarda ta tafi. Kar kuma ki buɗe zancen da cewa ƙaho ba ya aiki, domin shi ya ji sauƙi a jikinsa, zai ga kina ƙaryata shi ne. Namiji irin Alhaji, wanda ya ƙetare teku ya samo abin da yake ganin alheri ne ya kawo gida, yana son a yaba masa tukuna. Kuma mai yiwuwa a ƙarƙashin duk wannan akwai gajiya. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa, ga tsadar magani a yanzu. Wasu magungunan hawan jini suna sa tari, wasu kumburin ƙafa, wasu yawan fitsari, wasu kuma suna taɓa ƙarfin namiji, abin da maza da yawa ba za su iya furtawa ba sai dai su ajiye maganin shiru. Ki bincika a hankali ko akwai irin wannan. In akwai, likita yana iya sauya masa wani, nau'o'in suna da yawa.

Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, babu yara a kusa. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Alhaji, na ji daɗi da bayanka ya yi sauƙi, kuma zan ci gaba da kafa maka in likita ya ce babu laifi. Amma hannuna ba zai iya tsaga ka ba, tsoro nake ji. Abu ɗaya nake roƙo, mu auna jinin nan yanzu mu gani. In ya hau, ka yi min alƙawari za mu je asibiti tare." Kin bar na'ura ta yi magana ke nan, ba ke ba. In awon farko bai kai na gaggawa ba, ku riƙa aunawa safe da yamma kuna rubutawa a takarda har ranar ganin likita, amma kar ranar ta wuce makon nan. Ku tafi da takardar, da kwalayen tsofaffin magungunan, da kofi ɗaya, a gaya wa likitan gaskiyar tsawon lokacin da aka yi ba a sha ba, domin shi zai faɗi yadda za a koma da abin da za a fara da shi. In Alhaji ya ƙi sauraronki, ki kai maganar ga wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko malaminsa, ki kuma roƙe su kar su nuna masa ƙara kika kai. Hajiya ma, in ta ji cewa ɗanta ya ajiye maganin hawan jini, ina kyautata zaton za ta tsaya a bayanki.

In tafiya ta sake kamawa kuma yana son a yi masa a can, ya bar shagunan tausa na kusa da masauki, ya nemi asibitin likitancin gargajiya mai rajista, ya tafi da tafinta. Kafin a taɓa shi ya gaya musu yana da suga da hawan jini, ya nuna musu duk ƙwayoyin da yake sha, har da asfirin. Ya tafi da maganin da zai ishe shi har ya dawo, a jakar hannu ba a cikin kaya ba. Duk wani garin magani ko ƙwayar gargajiya da za a ba shi a can, kar ya fara sha sai likitansa na gida ya gani, domin wasu ba sa jituwa da magungunan da yake kai. Ki rubuto min bayan kun dawo daga asibiti in ji abin da awon ya nuna. Allah ya ba shi lafiya, ya bar ku tare.